Mai Gyaran Keken da Ke Raka 'Yan Rigakafi

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, tabarmin gidanmu ba su ishi mutane ba, sai da aka aro na maƙwabta. Ni ina zaune a ƙofar ɗakin marigayiya mahaifiyarmu, na miƙe ƙafar nan tawa da ba ta naɗuwa, mata suna shiga suna fita. Kowace ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Na faɗa har bakina ya daina jin abin da yake faɗa.

Bayan azahar sai ga wasu mata su shida sun shigo a jere. Matan rigakafi ne, masu bin gida-gida suna ɗiga wa yara magani a baki. A gabansu akwai malamar asibitin unguwarmu, wadda kowa ke kira Sista, Kirista ce daga kudancin Bauchi, ta daɗe a Azare har Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta yafa gyale ta zauna kusa da ni. Ba ta ce ya haƙuri ba. Ta riƙe hannuna ta fashe da kuka, irin kukan da ko a cikin dangi ban ga wanda ya yi ba. Da ta samu ta tsagaita, sai ta ce, "Yanzu wa zai riƙe mana layi ranar Talata?"

A bayana kuwa, wajen randunan ruwa, wasu mata biyu suna magana ƙasa-ƙasa, suna zaton ba na ji.

"Ai dama an faɗa. Mutum tsofai-tsofai da shi, yau ya miƙa hannu a tsira masa wannan, gobe waccan."

"Ke, yi a hankali, ga 'yarsa nan."

Ban waiwaya ba. Baba ya haura saba'in. Hawan jini ne ya kayar da shi, ciwon da ya kashe mahaifinsa a Katagum tun kafin a haife ni, shi kuwa wancan tsohon allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Amma ranar ba ni da ƙarfin yi wa kowa bayani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ga shi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba an fara ba da labarinsa a karkace. Nan da shekara kaɗan abin da zai rage a unguwa bai wuce "wani tsoho mai son allura" ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Ni ce autarsa, kuma akwai abin da ya shafe ni a labarin nan fiye da kowa.

Baba ba ma'aikacin lafiya ba ne. Ko ajin boko bai taɓa shiga ba, ban da yaƙi da jahilci da ya yi yana babba, inda ya koyi rubuta sunansa da karanta kwanan wata. Ɗan masunta ne daga Katagum, ya taso ya ga ruwa ba nasa ba ne, ya zo Azare ya koyi gyaran keke. Rumfarsa tana ƙarƙashin wata darbejiya a bakin hanyar Jama'are: benci ɗaya, famfo, kwanon ruwan da yake nutsa roba don neman huji, da tsohuwar akwatin ƙarfe. Hannunsa kullum warin giris da ɗanko yake yi, ko ranar Sallah. Ba mai yawan magana ba ne. In ka gaishe shi ya amsa, in ka tsaya ya nuna maka benci.

Amma akwai tambaya guda da ba ya iya haɗiyewa. Mutum zai kawo faci, Baba yana goge roba, ba tare da ya ɗago ba sai ya ce, "Na ji an yi haihuwa gidanka. An kai shi lamba?" In mutumin ya ce an kai, shi ke nan. In ya fara kame-kame, Baba zai ajiye robar. Zai ce masa ta hannu ana yi tun yaro yana jariri, sannan a koma sau uku a watannin farko, sannan ta ƙyanda in ya kai wata tara, a sake ta bayan ya shekara. Ya haddace su kamar yadda ya haddace lambobin sufana. Wasu sun daina kawo masa keke saboda wannan. Samarin majalisar da ke tsallaken titi suka sa masa Sarkin Allura, in ya wuce su yi ta ƙunshe dariya. Ya ji, bai taɓa tankawa ba.

Kowace Talata rumfar a rufe take har azahar. Zai sa farar rigarsa ya tafi asibitin unguwa, ya share ƙarƙashin bishiya, ya jera benci, ya tsara mata a layi. Babu wanda ya sa shi. In kuma lokacin bin gidaje ya zo, shi ke gaba, matan rigakafi na biye. Gidan da aka san maigidan ba ya yarda, Baba ne ke yin sallama. Wani ya fito ya saurare shi saboda furfurarsa, wani ya rufe ƙofa a fuskarsa. Akwai wanda ya taɓa ce masa, "Malam, nawa Turawa ke biyanka?" Ya dawo gida ranar bai ci tuwo ba. Washegari ya koma gidan.

Ni ban san tafiya da ƙafa biyu ba. An ce na yi, har na fara gudu, amma ban tuna ba. Shan inna ya kama ni ban cika shekara biyu ba, ya tafi da ƙafar dama, ya bar ta hagu rabi-rabi. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, in na tambaye ta sai ta ce, "Zazzaɓi ne, ƙaddara ce," ta kawo wata maganar. Baba ne ya riƙa ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni firamare, ya dawo ya ɗauke ni, rani da damina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Da na kai shekara tara ya tattara ƙarafan tsofaffin kekuna ya kai wa mai walda, suka haɗa mini keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Satin farko na dawo ina kuka, yara sun bi ni suna waƙar gurguwa. Bai ce zai je ya yi faɗa ba, bai kuma ce in yi haƙuri ba. Da safe na tarar ya ɗaura wa keken wani ƙaton ham na roba, irin na masu sayar da kifi. Kafin sati ya zagayo, yaran da ke tsokanata su ke roƙona in bar su su matsa.

Abin dariyar, mutumin nan tsoron allura yake yi kamar me. Yana da tabon lamba a damtsensa na hagu, na zamanin agana. Ya ce ranar da masu lamba suka zo Katagum, cikin ciyayin bakin kogi ya shige, sai da mahaifiyarsa ta jawo shi ta kunne. Har ya tsufa bai canza ba. In ƙarfe mai tsatsa ya yanke shi a rumfa, da ƙafarsa zai je a yi masa ta ciwon nan mai sarƙe haƙora, amma da Sista ta ɗauko sirinji zai kau da kai, ya runtse ido, ya kama salati da ƙarfi har matan layi su yi ta dariya. Ya ce gara su yi dariya, mai dariya ba ta gudu.

Lokacin korona, da aka ce dattawa su fara zuwa, magana ta cika gari cewa duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba. Baba na cikin waɗanda suka fara miƙa hannu a unguwarmu. Ya dawo hannun ya yi tsami, ya kwana ɗaya da zazzaɓi, kuma bai ɓoye ba, duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa. Ya yi shiru da maganar har shekara biyun ta cika. Ranar ya tsallaka titi, abin da bai saba yi ba, ya tsaya a gaban samarin majalisa ya ce, "Salamu alaikum. Gawa ce ta zo gaishe ku." Ya juya ya koma rumfarsa. Wannan ce kaɗai ramuwar da na san ya taɓa yi.

Ba ya son a yi wa uwa ƙarya. Wata Talata na je, na ji wata sabuwar ma'aikaciya tana ce wa wata mata daga ƙauye, "Ba abin da zai same shi, ko kuka ba zai yi ba." Baba ya jira matar ta matsa, ya ce da ma'aikaciyar a hankali, "'Yata, kada ki ƙara faɗa musu haka. Ki ce jikinsa zai iya yin ɗumi, wurin zai iya kumbura, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Ki ce in zafin ya yi yawa, ko ya ƙi kama nono, ta dawo da shi a duba. In kika ce babu komai, zazzaɓi ya zo, ba za ta sake zuwa ba, kuma sai ta hana maƙwabciyarta." Shi ne kuma mai hana mutane tashi da an gama. Sai ya ce a ɗan zauna a benci tukuna, a ga yadda jiki ya karɓa, tun da ga ma'aikata a kusa.

Duk wannan ina ganinsa tun ina yarinya, kuma na ɗauka na san dalili. Mutum yana da 'ya gurguwa, ba ya son na wasu su zama haka. Ban taɓa neman wani dalili bayan wannan ba.

Dada ta rasu ina sakandare. Na gama, na yi kwalejin horon malamai, na fara koyarwa, na auri wani malami da ke aiki a Misau, yana zuwa ƙarshen mako. Da cikina na fari ya kai wata bakwai na dawo gida goyon ciki, gidan da babu uwa. Baba ne ya riƙa raka ni awo. Ranar da aka yi mini allurar masu ciki ta biyu, muka dawo, bayan la'asar ya kifar da kekena a tsakar gida ya ce zai ɗaure kaca. Na san kacar lafiyarta ƙalau, shekaranjiya ya duba ta. Ina zaune a tabarma ina tsince shinkafa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Me aka ce miki ya sami ƙafarki?"

"Zazzaɓi. Dada ta ce ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce," ya ce, yana juya feda da hannu. "Amma ta hannuna ta biyo."

Bai ɗago ba har ya gama. Ya ce a shekarar, magana ta bazu ko'ina cewa an zuba wa ɗigon nan abin hana haihuwa, musamman ga 'ya'ya mata. Ƙaninsa, Bappanmu na Katagum, shi ya zo takanas ya kwana biyu yana yi masa bayani, har da rantsuwa. Manyan mutane ma suna faɗa, waɗanda ba a saba jin ƙarya a bakinsu ba.

"Na dube ki kina bin kaji a tsakar gidan nan, nan wajen. Na ce ba za a kashe wa uwata mahaifa ina raye ba. Sau uku suka zo. Na farko na ce ba yaro a gidan. Na biyu na sa aka ɓoye ki bayan rumbu. Na uku ban ma buɗe ba, suna sallama ina jinsu. Dadarku ta roƙe ni, na ce in ta fita da ke, a bakin aurenta."

Ya ce da damina ta faɗi zazzaɓi ya kama ni, kwana huɗu. Ranar da ya sauka aka tsayar da ni, na zauna. Aka sake tsayar da ni, na sake zama. Ƙafar ta koma kamar tsumma. Sun yi ta yawon masu magani wata biyu kafin su kai ni babban asibiti. Likita ya tambaye shi ko an taɓa ɗiga mini.

"Na ce an ɗiga. Har shi na yi wa ƙarya." Ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa. "Sa'o'inki da aka ɗiga wa, ga su nan kina ganinsu. Ta gidan liman 'ya'yanta uku. Ta bayan gidanmu tagwaye ta haifa."

Sai a lokacin ya dube ni. Idonsa a bushe yake, da ma ya yi kuka da ya fi mini sauƙi.

"Abin da ke cikin nan naki, kada ki bar kowa ya yi masa abin da na yi miki, ko ni ne, ko mijinki ne. Ki yafe mini, Uwata."

Na dubi farantin shinkafar. Abin da ke yawo a kaina shi ne, ashe kowa ya sani. Dada ta sani ta tafi da shi kabari. Yayana ya sani. Matan da ke layi ranar Talata, manya daga cikinsu sun sani. Ashe rashin jituwar Baba da Bappa, da ba sa haɗuwa sai gaisuwar Sallah a tsaye, ba a kan gonar fadama ba ne kamar yadda aka bar ni ina zato. Ni kaɗai ce ban san labarin ƙafata ba. Muna nan zaune aka kira magariba. Ya tayar da keken ya jingine shi, ya ɗauki buta.

Bai sake roƙona ba. Ni kuma ban amsa ba.

Na haifi namiji. Washegarin haihuwa Baba ne ya tsaya a kai aka yi masa lamba, kuma katin yaron a aljihun farar rigarsa ya zauna har aka cike shi. Na koma ɗakina, ina zuwa kullum bayan an tashi makaranta, in dafa masa, in wanke masa kaya, mu yi hira, har dariya muna yi. Wanda ya gan mu ba zai ce akwai komai ba. Kuma ba ƙinsa nake yi ba, Allah ya sani. Sau da yawa na fito daga gida da niyyar yau zan faɗa. Sai wani abu ya faru. Akwai ranar da ɗana, yana rarrafe, ya nufi murhu da tukunya a kai. Ina ganinsa, ina kiransa, ina jan jiki, na san ba zan kai ba. Baba ya taso daga alwala ya sure shi. Muka haɗa ido, ni a ƙasa, shi a tsaye da yaron. Shi ya fara kau da kai. Ranar ma ban faɗa ba.

Rigimar da ta fi kowace zafi a gidanmu ta zo ne bayan wannan. An kawo sabuwar allura ta 'yan mata, daga shekara tara zuwa goma sha huɗu, mai kare su daga kansar bakin mahaifa in sun girma. Yayana, wanda ke sayar da hatsi a kasuwa, yana da 'ya mai shekara goma. An turo masa wata murya a waya, wani yana rantsuwa cewa allurar toshe mahaifa take yi. Ya hana yarinyar zuwa makaranta a satin. Baba ya aika a kira shi. Ina gidan.

"Baba, wannan fa daban ce," in ji Yaya. "Ta jarirai duk na yarda, an yi musu. Amma yarinya lafiyarta ƙalau, ciwon manyan mata, me ya haɗa ta da shi? Kuma me ya sa mata kaɗai?"

"Tambayarka tana da kyau. Ka je ka yi wa Sista ita, ka tafi da matarka. In amsar ba ta gamsar da kai ba, ka nemi likita."

"Ba inda za ni. 'Yata ce."

"Na san 'yarka ce." Baba ya nuna kusurwar da rumbu yake a da. "Kai ka ɗauki ƙanwarka ka shiga da ita can, ka toshe mata baki kada ta yi kuka su ji. Ni na sa ka. Maganar da aka faɗa mini ranar, ita ce aka turo maka yau, ko kalma ba a canza ba. Dubi ƙanwarka, ga ɗanta a cinyarta, ga ƙafarta."

Ban ji daɗin yadda ya mai da ni abin nuni ba, kuma na ga shi ma bai ji daɗi ba. Yaya ya tashi ya fita ko sallama babu. Bayan kwana biyu muka ji ya je asibiti da matarsa, ya tsare Sista da tambayoyi kusan awa guda. Ta gaya masa ana yi da wuri ne don kariya ta riga cutar shiga jiki, kuma nata 'ya'yan biyu an yi musu. Aka yi wa yarinyar. Hannunta ya yi tsami kwana ɗaya, ta koma wasanta. Amma Yaya ya fi wata guda bai zo cin tuwon dare da Baba ba, kamar yadda ya saba. Baba kan sa a zuba kwano biyu, ya ci nasa, ɗayan a mayar. Daga baya sun shirya, sai dai ba kamar da ba. Na lura a shekarun ƙarshe mutane suna girmama Baba, suna gaishe shi daga nesa, amma ba mai zama a bencinsa. Abokansa na da sun mutu ko sun gaji da tambayarsa. In na wuce daga makaranta nakan hango shi shi kaɗai ƙarƙashin darbejiya, ga babura suna ta wucewa, ba mai kawo keke.

Bappa ya zo jana'iza, ya zauna har sadakar bakwai. Ranar da zai koma Katagum ya yi sallama a ƙofar ɗakin da nake, ya ƙi shigowa, ya tsuguna a bakin ƙofa, tsoho da shi, yana juya hularsa a hannu.

"Ya gaya miki?"

"Ya gaya mini, Bappa."

"Wallahi ban yi don mugunta ba. Na yarda da maganar ne har zuciyata. Shi bai taɓa ɗora mini ba, ya ce shi ya rufe ƙofa. Amma ya ce in ya gan ni, ranar yake gani." Ya ɗago ya dube ni. "Ki yafe mini, 'yata."

"Na yafe, Bappa. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Haka ta fito, ba wuya, kamar amsa gaisuwa. Ya yi godiya ya tafi tasha. Ni kuwa na zauna ina juya abin a raina. Mutumin da ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, ya roƙa sau ɗaya ya samu nan take. Wanda ya goya ni a bayan keke shekara da shekaru, ya jira shekara uku.

Ba wai ban faɗa masa ba sam. Ya faɗi ne a rumfa ranar wata Asabar da hantsi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Kwanansa biyar a asibiti. Kwana biyun farko idonsa a buɗe yake, yana bin mu da kallo, kuma ina wurin, amma ɗakin cike yake da 'yan dubiya, na ce bari a ragu. A rana ta uku ya daina buɗe ido. A ta huɗu, wajen ƙarfe biyu na rana, Yaya ya fita salla, aka bar ni da shi. Ɗakin maza ne mai gado da yawa, wani yana tari, wani yana sauraron rediyo, ana tura keken magani yana ƙara. Na jawo kujera na kama hannunsa mai lafiyar. An wanke shi tas, amma baƙin giris yana nan a ƙarƙashin farce. Na sa bakina a kunnensa.

"Baba, Uwarka ce. Na yafe. Tun tuni na yafe, bakina ne ya yi nauyi."

Na faɗa sau uku. Numfashinsa bai canza ba. Hannun bai motsa ba. Wata ma'aikaciya da ta zo canza ruwa ta ga fuskata, ta ce in ci gaba da yi masa magana, sau da yawa suna ji ko ba su amsa ba. Yaya ma da na gaya masa daga baya, cewa ya yi, "Ya ji mana." Suna faɗa ne don in samu sauƙi. Su ba su sani ba, ni ma ban sani ba. Washegari bayan asuba ya cika.

Yanzu gidan a rufe yake, makullin yana hannuna. Nakan je ranar Juma'a in share tsakar gida, in zauna kaɗan, ba mai cewa Uwata. Bayan kowace salla ina faɗa wa Allah abin da na jinkirta faɗa wa bawansa, ina roƙon a isar masa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da kuskure ɗaya da ya yi don tsoro da ƙauna, da shekara ashirin da ya yi yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane saboda shi. Ni da aka yi wa, ba na binsa komai. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da Dada a inuwar rahamarka. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, kuma kada ka bar wata magana a bakinmu.